Maɓallin Komawa Baya

Sharaɗin da Malama Kellu ta gindaya guda ɗaya ne, kuma a tsaye ta faɗe shi, tana kulle ofishinta ranar da aka ba da dogon hutu. Makarantarta ba ta da littafin makafi ko ɗaya, ba ta kuma da malamin da ya iya rubutunsu. In an dawo hutu za ta ba makauniyar yarinyar, Saliha, rubutu, irin wanda ta ga dama. Idan yarinyar ta karanta da kanta, babu uwa a gefe, za ta zauna aji uku tare da 'yan unguwarsu. Idan ta kasa, sai dai a yi haƙuri.

"Ba ƙin ki na yi ba, Maman Saliha," in ji shugabar makarantar. "Kin dai ga yawan yaran ajin. Babu malamin da zai bar su ya zauna yana yi mata karatu a kunne."

Mas'uda ta ce ta ji.

A gida kuwa, mijinta Yunusa ya riga ya yi tambaya a kan makarantar kwana ta makafi da ke Bauchi. Riɗi da wake yake sayarwa a kasuwar Azare, kuma ba mutum ne mai son jan magana ba.

"Can akwai malamai, akwai littattafai, akwai yara irinta," ya ce.

"Akwai wanda zai duba ko ta ci abinci?"

"Za a samu."

"Shekararta takwas, Baban Saliha. Har yanzu ni ke tsefe mata kai."

Ya juya kofin shayinsa. Can ya ce, "To mu ga abin da Malama za ta ce. In ta karɓe ta, na bar maganar. In ba ta karɓa ba, ke ma ki bar taki."

A kan haka suka tsaya.

Na'urar karatun makafi da Saliha za ta yi gwajin da ita ta Anti Hanatu ce. Ita ma makauniya ce, tana aiki a sashen ilimi na ƙaramar hukuma, kuma ita ke koya wa Saliha rubutun makafi duk Asabar, da takarda mai kauri da tsinken hudawa. Da za ta tafi hutu garinsu a Bogoro, sai ta bar wa Mas'uda tsohuwar na'urarta, tunda ta samu sabuwa. Tsawonta bai wuce tafin hannu biyu ba. A jikinta akwai layi ɗaya mai gurbi ashirin, kowane gurbi da 'yan ƙusoshin roba masu ɗagowa su koma. Waɗanda suka ɗago su ne harafin da yatsa zai taɓa. Sama da layin akwai maɓallai na rubutu, sannan dogaye guda biyu, ɗaya a hagu ɗaya a dama.

Ranar farko Mas'uda ta haɗa ta da wayarta ta bulutut, ta miƙa wa Saliha, ta tashi duba tukunya. Kafin ta dawo yarinyar ta danna duk abin da ke dannuwa. Ta kira mai sayar da gas, ta kashe, sannan ta tura jerin haruffa marasa kai da gindi zauren hirar dangin Yunusa na waya. Ba a jima ba surukar Mas'uda ta bugo waya.

"Mas'uda, wane yare ne kuma wannan? Ko wayar ce ta faɗa ruwa?"

"Saliha ce, Hajiya."

"To ki ce mata na gani, na gode, amma ban gane ba."

Daga nan Mas'uda ta yanke shawarar rubuta manhaja ta kanta. Ba sabon abu ba ne a wurinta. Kwamfuta ta karanta a jami'ar Gadau, kuma daga gida take yi wa masu kemis 'yan manhajojin lura da kaya. Wannan ma aikinta ba shi da yawa: ta karɓi saƙon da malami ya turo, ta mayar da kowane harafi ɗigo-ɗigo, ta yanka rubutun daidai gurbi ashirin, ta tura wa na'urar layi bayan layi. Ta ware wata tsohuwar waya don wannan kaɗai.

Na'urar ma tana magana. Duk lokacin da aka danna maɓalli, sai ta turo wa wayar wata lamba. Mas'uda ta rubuta umarni gajere: duk abin da ya fito daga na'ura, a zubar. Kayan aro ne, hannun kuma na yarinya ne. Maimakon maɓalli sai ta sa layin ya riƙa canzawa da kansa. Don ta auna lokacin, ta zana hoton na'urar a allon kwamfutarta, baƙaƙen ɗigo a kan fari, ta karanta da ido, domin da ido ta koyi rubutun. Ta ninka abin da ta samu, saboda yarinta. Ta sake ƙarawa kaɗan, saboda tausayi.

Kullum bayan la'asar sai su shimfiɗa tabarma a baranda. Mas'uda takan fara karanta labarin da baki, don yarinyar ta san inda aka dosa, sannan Saliha ta ɗora yatsu. Ƙusoshin su yi ƙas, layi ya zo, ta faɗe shi. Su sake yin ƙas, ta faɗi na gaba. Ba ta cijewa ko sau ɗaya. Yunusa yakan dawo daga kasuwa ya tsaya bakin ƙofa yana saurare da takalmi a ƙafa. Wata rana ya ce, "Ikon Allah," ya wuce ciki. Mas'uda ta ɗauki wannan a matsayin rabin nasara.

Ana saura 'yan kwanaki a koma makaranta Anti Hanatu ta dawo. Mai keke ya sauke ta a ƙofar gida, ta shigo da sandarta da ƙullin acca da gwaza.

"Ina ɗalibata? Ko an manta da ni, an samu inji?"

Saliha ta ruga ta rungume ta. Bayan an gaisa an sha ruwa, Mas'uda ta kawo na'urar, ta karanta labarin kamar kullum, Saliha ta bi shi tiryan-tiryan. Anti Hanatu ta saurara har ƙarshe, kanta a ɗan karkace.

"Madalla. Ba ni in taɓa tsohuwata."

Ta ɗora yatsu. Ta kai tsakiyar layi na biyu, ta tsaya a kan wata kalma, ƙusoshin suka nutse a ƙarƙashin yatsanta, wasu suka fito. Ta danna dogon maɓallin hagu. Babu abin da ya faru. Ta sake dannawa.

"Maman Saliha, maɓallan nan mutuwa suka yi?"

"Ni na toshe su, Anti."

"Duka?"

"Duka. Layin yana tafiya da kansa, ba sai ta wahala ba."

"Na ji yana tafiya. Wannan ai motar Giade ce ranar kasuwa, ba ta jiran mai ɗaura kaya."

Mas'uda ta yi murmushi don ladabi. Ta ba da labarin mai gas da saƙon Hajiya. Anti Hanatu ta yi dariya sosai, amma ba ta janye hannunta daga kan na'urar ba. Ta ciro wayarta daga jaka, ta kara a kunne tana shafa allon, ta rubuta wani abu ta tura.

"Sa mata wannan. Kada ki karanta mata."

Mas'uda ta duba. Jimla ɗaya ce: Jamila ta je rijiya, ta dawo da kaza.

Saliha ta ɗora yatsu. Wannan karon bakinta bai buɗe da wuri ba. "Ja... Jamila. Ta je." Ƙusoshin suka yi ƙas. Ta mayar da hannu farkon layi da sauri. "Ta dawo." Suka sake yin ƙas, layin ya zama fili. Ta ɗan jira, sannan ta ce, "Da ruwa."

"Da me?" in ji Anti Hanatu.

"Da ruwa."

"Kin taɓa ruwan?"

Saliha ta sunkuyar da kai. "Ya gudu."

"Tun yaushe yake gudu?"

"Kullum."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Umma ta ce ta ƙara mini lokaci da yawa."

Mas'uda ta ce wa yarinyar ta kai acca ɗakin girki. Da ta ji tafiyarta ta yi nisa sai ta jawo kwamfutar.

"Zan ƙara lokacin. Zan ninka shi."

"Ki ninka sau goma in kin so. Wata kalmar yatsa na taɓa ta ya wuce, sai ki bar ta zaune tana jiran inji. Wata kuma sai an bi ta an sake bi. Wane lokaci za ki sa wanda ya dace da su biyun?"

"Sai in sa ya auna tsawon kalmomin."

"Ke in kina karatu, wa ke juya miki shafi?"

Mas'uda ta janye hannu daga kan kwamfutar.

"Idonki ɓarawo ne," in ji Anti Hanatu. "Yana satar kallon baya ke ba ki ma sani ba. Mu yatsa harafi ɗaya yake gani. In zai koma baya, sai an bar masa hanya."

"Za ta danna abin da bai kamata ba. Kayanki ne, Anti."

"Nawa ne, shi ya sa nake ce miki ki buɗe."

"In kuma ta sake tura wa Hajiya saƙo fa?"

"Sai Hajiya ta shigo ajin Asabar."

Mas'uda ta san wannan tsoron ba shi da tushe yanzu. A cikin manhajarta maɓalli ba zai yi komai ba sai abin da ta ce ya yi. Ta san haka tun ranar da ta rubuta umarnin zubarwa. Ta raka baƙuwarta har bakin titi, ta tsayar mata da keke, ta gaya wa mai keken inda zai sauke ta, ko da yake Anti Hanatu ta riga ta gaya masa.

Washegari da hantsi, da sola ya cika batir, ta goge umarnin. Sai wata matsalar ta fito. Takardar bayanin da ta samu a intanet ta sabuwar na'ura ce, lambobinta ba su yi daidai da na wannan tsohuwar ba. Babu yadda za ta san abin da kowane maɓalli ke faɗa sai an danna tana kallo. Ta kira Saliha.

"Zo ki danna mini."

"Wanne?"

"Kowanne. Amma ɗaya-ɗaya, ki kuma gaya mini wanda kika danna."

Saliha ta tsaya a inda take. "Kin ce kada in taɓa su."

"Yau na ce ki taɓa."

Suka bi su daga hagu zuwa dama. Saliha ta danna ta faɗi wurinsa, lamba ta bayyana a allo, Mas'uda ta ba lambar aiki. Dogon na dama ya zama gaba, dogon na hagu ya zama baya, biyun tare su mayar da mutum farkon rubutu. Sauran ta bar su ba aiki tukuna.

Gwajin farko bai yi ba. Saliha ta danna gaba, ta shafa, ta ce, "Ya tsallake."

"Bai tsallake ba."

"Ya tsallake, Umma. Daga 'kura ta ce' sai 'ya hau bishiya.' Me kurar ta ce?"

Mas'uda ta duba, ta ga gaskiyar yarinyar. Na'urar tana turo lamba sau biyu, ɗaya in an danna, ɗaya in an saki, manhajar kuma tana ɗaukar kowacce a matsayin umarni. Ta gyara ta yadda sai an ɗaga yatsa layi zai motsa.

Sai Saliha ta kawo wani ƙorafin, tunda ta ga yau ana karɓa.

"Kuma yana yi mini cakulkuli."

"Me ke yi miki cakulkuli?"

"Haruffan. Ina cikin taɓawa sai su yi rawa."

Wannan ya ɗauki Mas'uda lokaci kafin ta gano. Don ta tabbata haɗin bai yanke ba, ta sa manhajar tana maimaita tura layin a kai a kai, kuma kafin kowace turawa tana share gurbin duka. A allon kwamfuta ido ba ya kama wannan. A ƙarƙashin yatsa kuwa ƙusoshin sukan nutse su taso. Tun farkon hutu haka suke yi. Ta sa ta daina tura komai sai in rubutun ya canza, ta ɗora nata yatsan a kan layin ta rufe ido. Ƙusoshin suna tsaye cik. Ba ta iya gane ko harafi ɗaya ba.

Da la'asar suka shimfiɗa tabarma, amma Mas'uda ba ta fara karanta komai da baki ba. Ta tura sabon labari ta naɗe hannu. Karatun ya fito a gutsure. Saliha takan kama rabin kalma, ta tsaya, ta koma farkon layi, wani lokaci ta danna hagu ta koma wanda ya wuce. Kalmar na nan a allo ƙuru-ƙuru, tana kan harshen Mas'uda. Sau biyu ta fara furtawa ta haɗiye. A na uku ta tashi ta koma bakin ɗakin girki tana tsince shinkafa, inda za ta ji amma ba za ta ga allon ba.

Yunusa ya dawo ya tsaya bakin ƙofa kamar yadda ya saba. Ya saurara na ɗan lokaci, sannan ya iso wurin matarsa ya yi ƙasa da murya.

"Da ai ta fi haka iyawa."

"Da hadda ce. Yanzu take karatu."

"Kuma Litinin ake komawa."

"Na sani."

Ya dubi yarinyar, ya dubi farantin shinkafar. "Allah Ya sa a dace," ya ce.

Sauran kwanakin haka suka tafi. Saurin ya ɗan ƙaru, ba sosai ba. Mas'uda ta ɗinka wa na'urar jaka daga ragowar atamfa, ta sa mata soso a ciki da igiyar ratayawa. Ta koya wa Saliha kunna wayar da haɗa su ba tare da ita ba, suka yi ta maimaitawa har yarinyar ta ce ta gaji.

Ranar Litinin ofishin Malama Kellu cike yake da iyaye. Suka jira a benci har aka rage. Da aka kira su, Mas'uda ta durƙusa za ta ciro na'urar daga jaka.

"Bar ta ta yi," in ji Malama Kellu. "Ke ki jira a waje."

"Malama, in haɗin ya yanke..."

"A aji ma zai yanke, kuma ba kya nan."

Mas'uda ta fita. Ta tsaya a baranda kusa da taga, ta juya wa ofishin baya tana kallon yara suna share fili. Ta ji an zuge jaka. Ta ji ɗan kukan da na'urar ke yi in ta kama wayar. Ta ji Malama Kellu tana tambayar lambar da za ta tura wa, Saliha ta faɗa daidai. Shiru ya biyo baya, Malama na rubutu a wayarta. Sannan ƙusoshin suka yi ƙas.

"Ya'u... ya kai... tunkiya." Ƙas. "Kasuwar Ga... Gadau."

Wani malami ya shiga neman alli, ya fito. Wata mata ta leƙa, aka ce ta jira. Muryar Saliha ta ci gaba, tana tsayawa tana tashi. A hanya Ya'u ya haɗu da wani, aka ce masa kada ya sayar sai bayan girbi, ya juyo da tunkiyarsa gida. A wani wuri shirun ya yi tsawo har Mas'uda ta kama ƙarfen tagar ta baya. Sai ta ji ƙas, ta sake jin ƙas, muryar ta dawo.

"Shi ke nan, Malama."

"To. Wa ya hana Ya'u sayarwa?"

"Babansa."

Mas'uda ta ji kujerar Malama Kellu ta motsa.

"Tsaya, Malama," in ji Saliha.

Ƙas. Ƙas. Ƙas. Shiru.

"Ƙanen babansa ne."

Aka kira Mas'uda. Malama Kellu na zaune ta cire tabarau tana goge shi da bakin mayafi.

"Ba ta da sauri," ta ce. "Ko kaɗan. Kafin ta gama layi uku wasu sun gama shafi."

"Za ta ƙara, Malama."

"Wataƙila. Amma ta san inda ta bar abu, ta kuma koma ta ɗauko. Ina da masu ido a aji shida da ba sa yin haka." Ta mayar da tabaran. "Zan karɓe ta zango ɗaya, mu gani. Malamin ajin zai riƙa turo darasi in ya tuna. In bai tuna ba, ke za ki bi shi, ba ni ba."

"Na gode, Malama. Allah Ya saka da alheri. Gobe da safe zan kawo ta."

"Gobe kuma? Ga ta ga aji. Tashi, Saliha."

"Ban zo mata da abinci ba."

"Ba za ta mutu kafin a tashi ba."

"Yara za su taɓa na'urar. Ba ta son ƙura, ba ta son hannu mai maiƙo. Ko in zauna a bayan aji, yau kaɗai?"

"A'a."

Saliha ta riga ta mayar da komai cikin jaka ta rataya. Malama Kellu ta miƙa mata gwiwar hannu, ta kama, suka bi baranda zuwa aji uku. Mas'uda ta bi su da ido har suka shiga. Hayaniyar ajin ta tsaya, ta sake tashi.

A bakin ƙofar makaranta ta kira Yunusa. Ana jin masu awo a bayansa.

"An karɓe ta. Zango ɗaya, a gani."

"Alhamdu lillahi. To na ajiye maganar Bauchi har ƙarshen zangon."

"Ba haka muka yi ba, Baban Saliha. Cewa ka yi ka bari."

"Malama ma ai ba ta ce har abada ba."

Ba ta ja ba. Ta ce ya taho da tumatir in zai dawo, ta kashe wayar. Ta tsallaka titi ta sayi awara mai zafi, ta ba maigadi, ta kwatanta masa yarinyar da ajinta, ta roƙe shi ya kai mata in an fito tara. Ya ce ya gane. Ta sake kwatanta masa.

Kafin ta fito ta ga jadawalin aji uku a bangon ofis. Gobe da lissafi za a fara, kuma manhajarta ba ta san yadda za ta jera lamba a ƙarƙashin lamba a na'ura mai layi ɗaya ba. Ta tsayar da keke, ta ce ya kai ta sakatariyar ƙaramar hukuma, wurin Anti Hanatu.